Tarihin Kwalaben Man Bindiga da Yadda Ake Tantance Tsofaffinsu

Kwalbar man bindiga ɗan ƙaramin mazubi ne na ƙarfe, ko na gilashi, ko na roba, wanda ake ajiye man shafa wa bindiga a cikinsa domin kada ta yi tsatsa ko sassanta su cije. Galibinta ba ta wuce tsawon yatsa zuwa tafin hannu. Tana da murfi na murɗawa, kuma a jikin murfin ta ciki akwai ɗan tsinke ko siririn cokali da ake ɗebo ɗigon mai da shi, kamar yadda ake ciro kwalli daga tandu. A wurin masu tara tsofaffin makamai a Turai da Amurka, wannan 'yar kwalba fanni ce mai zaman kanta, tana da masananta da littattafanta, tana kuma da 'yan damfararta. Abin da ya ba ta wannan daraja shi ne saurin ɓata. Bindiga na iya shekara ɗari a rataye, amma kwalbar da aka ba soja tare da ita takan faɗi a daji, ko ta koma aljihun wani.

Bukatar mai ta samo asali ne daga albarushin gargajiya, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da gishirin albarushi. Idan ya ƙone yakan bar baƙar dauɗa a cikin bututu, dauɗar kuma tana jan laima daga iska. Bindigar da aka harba da safe aka bar ta haka nan, kafin a kwana biyu tsatsa ta kama ta. Saboda haka maharbi kan wanke bututun da ruwa, ya busar, sa'annan ya shafa mai. A Turai an yi amfani da man zaitun da kitsen dabbobi. Amurkawa sun fi son man babbar dabbar tekun nan da ake kira wel, domin ba ya saurin daskarewa. Sojan Birtaniya na ƙarni na 19 kuwa ya saba da wani mai da ake kira man Rangun, wanda asalinsa daga rijiyoyin ƙasar Bama ake ɗebo shi.

Kwalaben da suka fi tsufa a kasuwar yau, mafi yawansu ba na soja ba ne. Na attajirai ne. A ƙarni na 19 maƙeran Landan da Birmingham kan sayar da bindigar farauta ko ƙaramar bindiga a cikin akwatin katako da aka shimfiɗa wa koren ƙyalle ko shuɗi, an raba cikinsa gida-gida: gidan gorar albarushi, gidan abin zubin dalma, gidan sukudireba, da ɗan gida na kwalbar mai. Maƙerin bindiga ba shi ke ƙera waɗannan ƙananan kaya ba, sayowa yake yi, kuma garin Sheffield ne matattararsu. Kamfanoni biyu suka yi fice a can, James Dixon & Sons da G. & J.W. Hawksley. Kamfanin Dixon ya soma aiki a 1806, kuma yawancin kwalabensa na farko da haɗin kuza aka yi su, ƙarfe mai laushi wanda ke dusashewa ya koma ruwan toka in ya tsufa. Akan same su a akwatunan ƙananan bindigogin Adams da Tranter, da na Colt waɗanda aka ƙera a masana'antarsa ta Landan a tsakiyar shekarun 1850.

Rubutun da ke gindin irin wannan kwalba yana taimakawa wajen ƙiyasta shekarunta. Kamfanin Dixon ya yi rajistar tambarinsa na kakaki mai rataye da tuta a 1879, don haka kwalbar da ke ɗauke da kakakin ba za ta zama abokiyar bindigar 1855 tun asali ba, ko da ta zauna daram a gidanta. Haka nan dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kaya a jikin duk abin da za a shigar can, shi ya sa sunan Ingila a gindin kwalba yakan nuna cewa an yi ta bayan wannan lokaci. Fenti ma shaida ne. Lulluɓe ƙarfe da nikel ta hanyar lantarki bai yaɗu ba sai wajen 1870, don haka kwalba mai ƙyallin nikel ta fi dacewa da bindigar da ake ɗurawa ta baya.

A ɓangaren soja, Birtaniya ta ɗan jima tana neman inda za ta saka man. A zamanin bindigar Enfield ta 1853 an ba sojoji wani ƙarfe mai aiki da yawa, ga sukudireba, ga sifana, ga tsinken tone ramin wuta, kuma a wasu samfuransa an haɗa har da ɗan mazubin mai a jikinsa. Canji na gaske ya zo ne da sabon albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884. Cikin 'yan shekaru manyan ƙasashe suka koma ga bindigogi masu siririn bututu, masu ɗaukar harsasai da yawa. Birtaniya ta karɓi Lee-Metford a 1888, sa'annan Lee-Enfield a 1895. A gindin waɗannan bindigogi aka huda rami a cikin katakon, aka yi masa 'yar ƙofa a farantin ƙarfen da ke dafe da kafaɗa. Nan kwalbar mai ta samu gida, ta zauna tare da igiyar goge bututu, wato siririyar igiya mai nauyin tagulla a baki ɗaya, wadda ake zura mata ƙyalle mai inci huɗu da inci biyu a ja ta cikin bututun. Tun daga nan siffar kwalbar ta zama dole ta bi siffar ramin: doguwa, zagayayya, ba hanci ba kunne.

Kwalaben Lee-Enfield na cikin waɗanda suka fi yawa a hannun masu tarawa, kuma na cikin waɗanda aka fi nazari. Hukumar soja ta jera su da lamba, daga Mark I zuwa Mark V. Ukun farko ba su da yawa a yau. Mark III ana gane ta da gindinta mai ɗan tudu da kuma zanen da aka yi wa gefen murfinta don kada ya zame a hannu. Mark IV, wadda ta ga yaƙin duniya na farko, tagulla ce mai shafaffen gindi, tsawonta bai kai inci huɗu ba, da zoben fata a ƙarƙashin murfi don hana yoyo. An ƙera ta da ɗimbin yawa a masana'antun gwamnati da na 'yan kwangila, har sojoji a ramukan yaƙi na Faransa suka riƙa mayar da ita ƙyastun kunna taba, kuma irin waɗannan ƙyastu yanzu su ma abin tarawa ne. Da yaƙin duniya na biyu ya matsa, aka fi bukatar tagulla wajen yin kwanson harsashi, sai aka fito da Mark V ta roba. Akwai baƙa, akwai ruwan ƙasa, akwai mai launin zuma da ake hango man a cikinta. Tsohuwar ta tagulla ba ta ɓace ba, an ci gaba da raba ta har sai da abin da ke sito ya ƙare, saboda haka ganin Mark IV a gindin bindigar 1943 ba abin mamaki ba ne.

Abin da ya sa kwalaben Birtaniya ke da daɗin karatu shi ne hatimi. Gwamnatin Birtaniya ta daɗe tana buga wa kayanta alamar kan kibiya mai layi uku. Kafin 1855 akan haɗa ta da haruffan BO na tsohuwar hukumar makamai, daga baya aka koma WD na ma'aikatar yaƙi. Haruffan EFD na nufin masana'antar gwamnati ta Enfield, BSA kuwa kamfanin ƙera ƙananan makamai ne na Birmingham. Mai duba kaya yana da nasa hatimin, ɗan kambi a sama, lamba a tsakiya, da harafin wurin da yake aiki. Ƙasashen da ke ƙarƙashin daular kowace ta yi wa kibiyar nata ado: Kanada ta saka ta cikin harafin C, Afirka ta Kudu cikin U, Ostareliya tsakanin D biyu, Niw Zilan tsakanin N da Z, Indiya kuma ta ɗora ta a kan harafin I. Idan aka sayar da kaya daga hannun soja bisa ƙa'ida, akan buga kibiya ta biyu baki da baki da ta farko. Kwalba ɗaya na iya ɗaukar hatimai uku ko huɗu, har da lambar bataliya, kuma mai ido zai iya bin sawunta daga masana'anta zuwa sito zuwa wata nahiya. Irin waɗannan kwalabe ne sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa masu yawa, suka ɗauka a gindin bindigoginsu a runduna ta 81 da ta 82, waɗanda aka kafa a 1943 aka tura yaƙin Bama, inda damina da laimar kurmi ba sa ɗaga wa ƙarfe ƙafa.

Sai dai mai kaɗai bai wadatar ba, kuma an daɗe ba a san dalili ba. Bayan an koma albarushi marar hayaƙi, sai aka ga bututu na tsatsa a ƙarƙashin mai, ko da an goge shi tas. Da farko an ɗora laifin a kan sabon albarushin, aka ce tsami yake bari. A 1922 Wilbert Huff, wani masanin sinadarai a hukumar ma'adinai ta Amurka, ya nuna cewa ɓarnar daga ƙwayar da ke tayar da wuta a gindin harsashi take. Sinadarin da ke cikinta idan ya ƙone yakan bar wani gishiri ɗan'uwan gishirin miya, gishirin ya jawo laima, mai kuma ba ya narkar da shi. A zamanin albarushin gargajiya wankin ruwa ne ke kwashe shi ba tare da kowa ya lura ba. Sojan Birtaniya ya warware matsalar da tafasasshen ruwa da mazurari. Rashawa kuwa suka saka maganin a cikin kwalbar kanta.

Kwalbar Tarayyar Sobiyet, wadda ta bi bindigar Mosin-Nagant da waɗanda suka gaje ta, gwangwani ce mai ciki biyu da murfi biyu. Gefe ɗaya na ruwan wanki ne mai kaifin toka, ɗaya gefen na mai. An fito da harafin Щ a jikin gefen ruwan wankin, a gefen mai kuma akan ga Н ko М. Mai karatun boko yakan ɗauki Н ɗin a matsayin harafin da ya sani, alhali a rubutun Rasha sautin "n" ne. Ƙasar Sin ta kwaikwayi wannan tsari ta sa nata rubutun. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 an fitar da tsofaffin bindigogin Mosin daga sito aka sayar a Amurka akwati-akwati, kowace da kwalba a jakarta, mafi yawansu ƙirar bayan yaƙi. Wannan ya sa kwalbar Rasha ta yi araha, kuma sau da yawa akan yi mata ƙaryar shekaru.

Amurka ta bi hanyar Birtaniya wajen huda gindin bindiga. Samfurin Krag-Jørgensen na 1896 yana da ramin da ke ɗaukar sandar gogewa mai gaɓa uku da 'yar ƙaramar kwalba. Da aka zo kan Springfield ta 1903 sai aka yi wani dogon bututu na tagulla mai fentin nikel, kusan inci shida, mai ɗaki biyu: ɗaya na mai, ɗaya na igiyar gogewa da buroshi. A murfin ɗaya gefen an liƙa 'yar fata don kada ya riƙa ƙara idan soja na tafiya. Wannan bututu ya wuce zuwa bindigar M1 Garand, kuma a yaƙin duniya na biyu shi ma aka mayar da shi roba.

Kwalbar ƙaramar bindigar nan M1 Carbine ta fi kowace ban sha'awa, domin aiki biyu take yi. An yanka tsaga a katakon gindin bindigar, a zura ɗamarar rataya ta ciki, a naɗe ta a jikin kwalbar, kwalbar ta tokare a tsagar. In babu ita, ba a iya rataya bindigar. An ƙera wannan bindiga sama da miliyan shida tsakanin 1942 da 1945, kuma yawancin kamfanonin da suka yi aikin ba maƙeran bindiga ba ne tun asali: Underwood na yin tafireta, Rock-Ola na yin akwatin kiɗa, ga IBM, ga sassan General Motors. Kamfanin International Silver na jihar Connecticut, wanda sana'arsa cokula da farantan azurfa ce, shi ya ƙera mafi yawan kwalaben. Akan ga haruffan IS a murfinsu, ko kuma I haɗe da harafin kamfanin da aka yi wa, kamar IW ga Winchester da IR ga Rock-Ola. A nan gizo ke saƙa. Mai tarawa yana son kowane sashe na bindigarsa ya dace da kamfaninta, kuma Rock-Ola na cikin waɗanda suka ƙera mafi ƙaranci. Haruffa biyu kacal suna iya ninka farashin kwalba, haruffan bugawa kuwa ana sayar da su a kowane shagon kayan aiki. Shi ya sa akan yi wa wannan murfi hatimin jabu.

Jamusawa ba su huda gindin bindigarsu ta Mauser don mai ba. A 1934 suka fito da kunshin gogewa mai suna RG34, gwangwani mai kama da na taba, da murfi a kowane baki. A ciki akwai sarƙa mai ƙwayoyin alminiyam maimakon igiya, da buroshi biyu, da ɗan ƙarfen kwance sassa, da kwalbar mai wadda ake dannawa ta ɗigo. Na farkon an sassaƙa su ne daga ƙarfe sumul, daga baya aka koma roba mai tauri da falle-fallen ƙarfe. Kafin yaƙi kamfanoni irin su Gustav Appel na Berlin da Mundlos na Magdeburg kan buga sunansu a fili, tun daga 1940 kuwa aka koma haruffan sirri, Appel ya zama cnx, Mundlos ya zama ab. Akan ga kuma ƙaramar mikiyar hukumar duba makamai da haruffan WaA. Bayan 1945 an ci gaba da ƙera kunshin don 'yan sanda da sabuwar rundunar Jamus, don haka gwangwanin zamanin yaƙi mai kayan cikin bayan yaƙi abu ne da ake gani kullum.

Daga wannan tarihi ne hanyar tantancewa ta fito, kuma masana ba sa farawa da hatimi, da shi suke ƙarewa. Tambayar farko ita ce ko abin ma na bindiga ne. Kwalbar keken ɗinki, irin ta Singer, tana da dogon hanci da gindin da ake matsawa, haka ta keken hawa. Ta bindiga dole ta rufu ruf, domin kwance take tafiya, don haka tsinke a murfi ya fi hanci yawa a cikinsu. Waɗanda suka fi ruɗarwa su ne na injin naɗe zaren kamun kifi, irin waɗanda kamfanin Hardy na Ingila ya sayar, da na kayan likitoci da masu awon ƙasa, domin sau da yawa masana'anta ɗaya ce ta yi su. Irin waɗannan, in ba akwati ko rubutu ya raba gardama ba, ba a yanke musu hukunci.

Daga nan sai a dubi ƙarfen. Maganaɗisu na raba tagullar da aka yi wa fenti da baƙin ƙarfe. Tsohuwar robar Bakelite, wadda Leo Baekeland ya ƙirƙira a 1907, tana da nauyi, kuma idan aka murza ta da yatsa ta yi ɗumi takan fitar da wani wari mai kama da na magani, abin da robar yanzu ba ta yi. Sai awo: tsawo da kauri dole su dace da ramin bindigar da aka jingina ta gare ta. Tiredin murfi ma yana magana, domin a wancan zamani Birtaniya da Amurka da inci suke awo, sauran Turai da milimita, kuma murfin da ke shiga da ƙyar ko yake lilo, wataƙila na wata kwalba ne. Zoben fata na asali yakan bushe ya yi baƙi, yakan kuma bar koren tsatsa a inda ya taɓa tagulla. Man da ya shekara da yawa a ciki yakan zama danƙo.

Hatimi shi ne na ƙarshe domin shi ya fi sauƙin ƙirƙira. Wanda aka buga tun a masana'anta ya tsufa tare da jikin kwalbar: bakinsa ya lallashe, cikinsa ya yi duhu daidai da kewayensa, kuma tabon da kwalbar ta samu daga baya ya ratsa ta kansa. Sabon bugu yana da kaifin baki, ƙarfen ya ɗan taso a gefensa, cikinsa na ƙyalli ko kuma an cusa masa baƙin mai, kuma shi ne ke hawa kan tsohon tabo. Kwalaben kwaikwayo da ake yi wa masu wasan tarihi da masu fim ba laifi ba ne a kansu, amma idan aka jiƙa su a sinadari don su yi duhu, launin yakan fito bai ɗaya ko'ina, alhali tsufa na gaske ya fi cin wurin da yatsa ke kamawa. Haka nan samun kwalba a gindin bindiga ba hujja ba ce cewa tare suka fito. Masu gyaran makamai na soja kan kwance bindigogi da yawa a lokaci guda, su tara kwalaben wuri ɗaya, su mayar da duk wadda hannu ya kai gare ta.

Ga kayan Birtaniya akwai madogara da sauran ƙasashe ba su cika samu ba. Tun daga 1860 ma'aikatar yaƙi ta riƙa wallafa jerin canje-canjen kayan soja, inda aka riƙa bayyana kowane sabon samfuri da ranar amincewa da shi, har da kwalaben mai. Akan kuma ajiye samfuri ɗaya da aka ɗaura wa hatimin kakin zuma, wanda 'yan kwangila za su kwaikwaya. Tarin waɗannan samfura ya zauna a Enfield, ya koma Nottingham, yanzu yana hannun gidan tarihin makamai na Royal Armouries a Leeds.

Wajen adanawa, babbar ɓarna ita ce gogewa. Tagullar da aka murza da man ƙyalli ta rasa duhunta, ƙananan hatiman masu duba kaya su shafe, farashinta kuma ya faɗi. Abin da gidajen tarihi ke yi shi ne a zubar da tsohon man idan ruwa ne, a share ƙura da ƙyalle mai laushi, a cire koren tsatsa da tsinken katako, a shafa siririn kaki, a ajiye a busasshen wuri nesa da fata da ɗanyen katako. Murfin da ya cije ba a kama shi da filaya, akan ɗiga masa mai a bar shi ya jiƙa, kuma kwalbar kuza ko ta Bakelite da ta ƙi buɗuwa akan bar ta a rufe, domin duka biyun suna tsagewa idan aka matsa musu.